Ƙarfe Nawa Za Mu Isa? Sharhi a kan Hisabin Tafiya da Motar Lantarki

Tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa, har ya zama direba ba ya barin Nima ko Mamobi ya nufi Kumasi sai ya kafa ta a gabansa tana zana masa hanya, mutanen zango suka saba da wani al'amari wanda kakanninsu ba su riska ba, watau na'ura ta dubi matafiyi, tun bai fita daga cunkoson Circle ba, ta yanke masa hukuncin cewa zai isa ƙarfe 2 da minti 17. Da yawa daga cikinmu mun karɓi wannan adadi hannu bibbiyu, domin shi adadi, muddin ya zo da ƙarfe da minti, yana da wani kwarjini wanda "wajen la'asar" ba ta da shi. To, ga shi kuma motar lantarki ta fara bayyana a titunan Ankara, babban birnin Gana, ita ma da nata allon, wanda bai tsaya ga faɗin lokacin isa ba, har yakan ƙara da cewa batir zai rage kashi kaza in an isa, kuma za a tsaya caji a wuri kaza na tsawon minti kaza. Abin da nake nufin dubawa shi ne matsayin wannan magana ta na'ura: shin yaƙini ce da za a gina alkawari a kanta, ko zato ne mai rinjaye, ko kuwa shakka ce tsantsa da aka sa wa rigar lissafi?

Mas'alar ba ta wasa ba ce ga mutumin zango, saboda doguwar tafiyarsa galibi ba ta shan iska ba ce. Da wuya ka sami gida a Nima, ko Mamobi, ko Sabon Zango, ko Fadama, wanda ba shi da dangi a Asawase ko Aboabo ta Kumasi, ko a Techiman, ko Tamale, ko Yendi, ko Bawku, kuma abin da yakan tayar da mutum zuwa can ba ya wuce ɗaurin aure, ko suna, ko maulidi, ko hutun Salla, ko kuwa rasuwa. Na farkon suna da rana sananniya, ana iya yi musu tanadi. Amma ita rasuwa, in aka bugo waya da asuba aka ce za a yi salla bayan azahar, ba a jiran kowa, domin sunna ita ce a gaggauta kai mamaci makwancinsa. Wanda ya iso bayan an dawo daga maƙabarta ya sami ladar gaisuwa, amma ta jana'iza ta kuɓuce masa, kuma ba zai kafa hujja da allon mota a gaban 'yan'uwansa ba.

Kafin a shiga lissafi ya kyautu a faɗi inda ƙasa take. Hukumar Makamashi ta Gana ta fara yekuwar motocin lantarki tun 2019. A watan Disamba na 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya ƙaddamar da manufar ƙasa a kansu a taron yanayi na duniya da aka yi a Dubai. Kasafin kuɗin 2024 ya ɗauke harajin shigo da na jigilar jama'a har shekara 8. A Nuwamba na 2024 kuma aka fito da rukunin farko na manyan motocin safa masu batir a Adenta. Kamfanoni irin su Solar Taxi, wanda ya faro daga Kumasi, da Kofa, mai musanya wa 'yan babur batir, sun riga sun shiga kasuwar. Wuraren caji na jama'a kuwa, irin wanda aka kafa a A&C Mall ta East Legon da wanda TotalEnergies ta buɗe a Liberation Road, mafi yawansu a Ankara suka taru, a cikin Ankarar ma a unguwannin masu hali, kuma duk yadda hanya ta ƙara miƙawa arewa haka suke ƙara ƙaranci.

Hisabin da waya take yi wa motar fetur mai sauƙin fahimta ne. Tana raba hanya gunduwa-gunduwa, ta dubi saurin da wayoyin sauran matafiya suke yi a kowace gunduwa a wannan sa'a, ta haɗa da abin da aka saba gani a irin wannan rana, ta tara, ta ba ka jimla. Inda wayoyi suka yawaita, kamar daga Achimota zuwa Pokuase, ƙiyasinta yakan kusanci gaskiya. Inda suka ƙaranta, ko aka yi ta karkatar da motoci saboda aikin titi kamar yadda aka daɗe ana yi tsakanin Ofankor da Nsawam, ko babbar mota ta kife ta tare hanya mai layi ɗaya bayan Nkawkaw, sai ƙiyasin ya bi bayan abin da ya auku maimakon ya riga shi. Kuma ba ta lissafa tsayawa ko ɗaya: babu shingen 'yan sanda a cikin hisabinta, babu salla, babu abinci, babu shan mai. Mai motar fetur yana yafe mata wannan gibi, domin shan mai minti 5 ne, gidan mai kuma ba ya wuyar samu a kan babbar hanya.

Mai motar lantarki ba shi da wannan sassauci, domin a wurinsa hisabi biyu ne suke tafe tare, kowanne yana rataye da ɗan'uwansa: na lokaci da na wuta. Abin da batir yake ɗauka ana auna shi da yunit, irin wanda kowa yake saya a mitar gidansa, wanda masana suke kira kilowat-awa. Ƙarfin da wutar take shiga da shi kuwa ana auna shi da kilowat, ma'ana na'ura mai kilowat 7 tana zuba yunit 7 a cikin sa'a guda. Wanda ya riƙe waɗannan ma'auni biyu ya riƙe mabuɗin mas'alar duka. Mu ɗauki mota matsakaiciya mai batir na yunit 60, gwargwadon BYD Atto 3 ko babbar Hyundai Kona, mu ƙaddara tana cin yunit 17 a kowace kilomita 100 a kan babbar hanya da na'urar sanyaya ciki a kunne. A takarda za ta yi kilomita 350. Amma mai hankali ba ya tafiya har batir ya ƙare ƙaf, sai ya bar ushuri ko fiye don larura, saboda haka abin da yake hannunsa a haƙiƙa kilomita 300 ne, shi ma da sharaɗin ya fita da batir cike.

A nan ne saɓani na farko yake shigowa tsakanin abin da dillali ya faɗa da abin da hanya za ta nuna. Nisan da ake rubutawa a takardar mota sakamakon gwaji ne da ake yi a ɗaki bisa ƙa'idar wata ƙasa, kuma ƙa'idodin sun bambanta: ta Amurka ta fi kusa da gaskiyar doguwar hanya, ta Turai ta ɗan fi ta kyauta, ta Sin kuwa, da yake an gina ta a kan tuƙin cikin gari mai sanyin gudu, ta fi kowacce yalwata adadi. Da yake yawancin sababbin motocin lantarki da suke shigowa Tema daga Sin suke, ya wajaba mai saye ya rage wani kaso mai kauri daga abin da ya karanta kafin ya yi niyyar hanya da shi.

Abin da ya fi kome cin batir shi ne gudu. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da sauri, tana ƙaruwa ne da saurin a ninke cikin kansa, ta yadda wanda ya tashi daga kilomita 90 a sa'a, wanda shi ne iyakar da dokar Gana ta yanke a manyan hanyoyi, ya koma 120, ya ƙara wa motarsa kusan kashi 80 cikin 100 na wannan turjiya, kuma cin wutarsa gaba ɗaya yakan ƙaru da kimanin sulusi. Daga nan wani abin mamaki yake fitowa, wanda direbobin fetur sukan yi jinkirin gaskatawa: a doguwar tafiya mai ƙarancin wuraren caji, mai taka mota da ƙarfi yana iya isa bayan mai tafiya a natse, domin mintocin da ya ci a kan kwalta zai biya su ninki a gindin na'urar caji, in ma ya kai gare ta. Kaya ma suna da nasu rabo, musamman buhunan doya da gawayi da akan ɗaure a saman mota in ana dawowa daga arewa, waɗanda nauyinsu bai kai ɓarnar da suke yi wajen tare iska ba. Hawan tudu yana cin wuta, wajen rabin yunit a kowace mita 100 ta tsawo ga mota mai nauyin tan 2, amma gangara tana mayar da mafi yawan abin, saboda injin yakan juye ya zama mai samar da wuta in ana sauka. Cunkoso kuwa, wanda shi ne abin da mutane suka fi tsoro, shi ne mafi ƙarancin illa: motar lantarki a tsaye ba ta cin kome sai abin da na'urar sanyi take ja, yunit 1 zuwa 2 a sa'a, saboda haka sa'a 2 a maƙale a Amasaman suna cin lokaci da haƙuri, amma batir ɗan kaɗan suke taɓawa. Duk waɗannan, in an yi adalci, na'urar mota mai kyau tana iya ƙiyasta su da kuskure kaɗan, kuma tana gyara zatonta yayin da ake tafiya.

Inda hisabi yake karyewa shi ne a zango, watau wurin tsayawa caji. Da farko dai batir ba ya cika da sauri ɗaya daga ƙasa har sama. Wanda ya taɓa zuwa Juma'a a babban masallacin Kanda ya san cewa masu sammako suna shiga su zauna ba tare da sun tsaya neman wuri ba, amma in sahu ya kusa cika, kowane mai shigowa sai ya yi ta ratsawa yana duba inda ya rage. Haka wuta take shiga batir, da gaggawa tun yana ƙasa, sa'an nan motar da kanta ta yi ta rage ƙarfin shigarta don kada batirin ya yi zafi ya lalace. Saboda haka humusin ƙarshe, daga kashi 80 zuwa 100, yakan ci lokacin da ya kusa na abin da ya gabace shi duka. Wannan ne ya sa ƙa'idar matafiya a ƙasashen da motar ta kafu ita ce a iso da batir a ƙasa, a cika zuwa kashi 80 ko ƙasa da haka, a wuce. Sai dai wannan ƙa'ida tana da sharaɗin da ba a cika faɗa ba, watau a tabbata akwai wani zangon a gaba. Inda ba a tabbata ba, dole matafiyi ya zauna ya jira humusin nan mai tsada, kuma ba za a kira shi mai almubazzaranci da lokaci ba.

Na biyu, na'urorin caji ba jinsi ɗaya ba ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta wuce abin da zuciya take tsammani. Soket na ɗaki yana ba da kilowat 2 da ɗoriya. Na'urar bango ta gida ko ta otal tana ba da 7, ko 11, ko 22. Mai sauri, wadda take zuba wuta kai tsaye cikin batir, tana farawa daga wajen 50 zuwa sama. Akwai kuma tarko a tsakiya: ko an rubuta 22 a jikin na'urar bango, motoci da yawa ba sa iya karɓar fiye da 7 ko 11 daga irinta, kuma na ƙasan shi ne yake hukunci.

Bari mu gwada lissafin a kan hanyar da kowa ya sani. Daga Ankara zuwa Kumasi, ta Nsawam da Suhum da Bunso da Nkawkaw da Konongo, wajen kilomita 250 ne, watau yunit 43 a motarmu ta misali, sai a isa da saura 17 ba tare da an tsaya ba. Daga Kumasi zuwa Tamale, ta Techiman da Kintampo da Buipe da Yapei, wajen kilomita 380 ne, watau yunit 65, abin da ya fi ƙarfin batirin ko da an cika shi har baki. To, ba makawa sai an ya da zango sau biyu. A Kumasi a ƙara yunit 31 a kai kashi 80. A tafi kilomita 180 zuwa Kintampo, a sake ƙara 31. A ƙarasa kilomita 200 da suka rage, a shiga Tamale da abin da ya kusa rubu'in batir. In zangon nan biyu suna da na'ura mai kilowat 50 kuma tana aiki, kowanne zai ci wajen minti 45, jimla sa'a 1 da rabi a kan tafiyar da dama takan ci sa'a 11 zuwa 12. In na'urar bango mai kilowat 7 aka samu, kowanne zai ci sa'a 4 da rabi, jimla 9. In kuwa soket na ɗakin baƙi ne kaɗai, kowanne ya haura sa'a 13. Mota ɗaya, hanya ɗaya, direba ɗaya, amma lokacin isa yana lilo tsakanin daren yau da daren gobe, kuma babu abin da ya sauya sai abin da aka tarar a zango.

Akwai kuma illar da ta keɓanta da kasuwa irin tamu, wadda take karɓar mota daga kowace nahiya. Bakin da ake soka caji a jikinsa ba iri ɗaya ba ne: na Turai daban, na Amurka daban, Tesla ta Amurka tana da nata, tsofaffin motocin Japan irin Nissan Leaf suna da nasu, Sin ma tana da nata. Mutum yana iya isa wurin da taswira ta nuna, ya tarar da wuta, ya tarar ba kowa a gabansa, amma bakin na'urar bai dace da na motarsa ba, kuma mahaɗin da yake sulhunta su a caji mai sauri yana da tsada, ba kuma kullum yake amsawa ba. Motar da aka yi amfani da ita shekaru a Amurka kafin ta hau jirgin ruwa kuwa, batirinta ya riga ya ragu daga abin da aka rubuta. Zafi ma yana da hukuncinsa: a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Tamale da Bolgatanga yakan kai digiri 40, batirin da ya sha gudu ya iso da ɗumi, sai motar ta rage ƙarfin cajin don kare shi, kuma wannan ya fi tsanani a irin Leaf, wadda ba ta da ruwan sanyaya batir, har caji na biyu a yini ɗaya ya fi na farko nawa ƙwarai.

Duk wannan ana iya saninsa tun daga gida. Abin da yake gaibu ga na'ura da matafiyi baki ɗaya shi ne halin da zangon yake ciki a sa'ar da za a iso shi: ko akwai wuta, ko na'urar ta lalace tun makon jiya ba wanda ya sanar, ko manhajar biyan kuɗi ta ƙi buɗewa saboda layin waya ya yi rauni, ko wani ya riga ka. Wannan na ƙarshen ya cancanci a tsaya a kansa, domin layi a gidan mai da layi a wurin caji ba su yi kama ba: mota 3 a gabanka a famfon fetur rubu'in sa'a ne, amma mota 3 a gaban na'ura guda ɗaya sun haura sa'a 2, kuma ranar da kowa yake kan hanya, kamar jajiberin Salla ko bikin Ista na Kwahu da yake toshe Nkawkaw kowace shekara, ita ce ranar da layin zai fi tsawo. Game da wuta kuwa, ƙasar da ta gina madatsar Akosombo a 1965 ta ƙara da ta Bui a 2013 ba matalauciya ba ce a wannan fanni, kuma ta fi maƙwabtanta da yawa isar da lantarki ga jama'a. Amma wanda ya rayu a shekarun dumsor, watau na yawan ɗaukewar wuta, musamman 2015, ba ya buƙatar a yi masa wa'azi a kan bambancin da ke tsakanin waya a kan turke da wuta a cikin waya. Kuma tafiyar Tamale tana ratsa ikon kamfanoni biyu, ECG a kudu da NEDCo daga wajen Techiman zuwa arewa, kowanne da nasa taransifomomi da nasa ranakun gyara.

Dalilin da ya sa allon Tesla yake faɗin lokaci a Amurka ko Jamus ya kuma cika alkawari shi ne, tun 2012 da kamfanin ya fara kafa tashoshinsa, mota da na'urar caji da taswira duk a hannu ɗaya suke, har motar tana sanin guraben da ba kowa a tashar da take nufa. Tarayyar Turai kuma ta yi doka a 2023 cewa a kafa tashar caji mai sauri a kowace kilomita 60 a kan manyan hanyoyinta. A irin wannan hali, in zango ɗaya ya ƙi, na gaba yana nan kusa, kuskuren kuma minti 10 ne. Manhajoji irin su A Better Routeplanner da PlugShare da Google Maps suna aiki a Gana, lissafinsu kuma lafiyayye ne. Amma ƙiyasi, kamar yadda malaman manɗiƙi suke koyarwa, ba ya fin muƙaddimominsa ƙarfi, kuma muƙaddimar da aka ba su a nan ita ce labarin wani matafiyi da ya wuce watanni da suka shige.

Akwai zango guda wanda babu manhajar da take lissafa shi, alhali shi ne farkon duka, wato ƙofar gida. Kowane hisabi da muka yi a sama an gina shi a kan cewa an kwana ana caji an fita da batir cike, kuma wannan abu ne mai sauƙi ga mai gida da gareji a East Legon ko Cantonments. Amma mazaunin gidan haya a Nima, wanda lungun gidansu babur ma sai da dabara yake ratsa shi, wanda mitar gidan take tsakanin 'yan haya da yawa har akan yi ka-ce-na-ce a kan wanda ya kunna dutsen guga, wanda motarsa take kwana a bakin titi ko a harabar gidan mai ƙarƙashin idon mai gadi, ina zai soka ta? Jawo waya daga ɗaki a tsallaka kwata da ita zuwa titi ganganci ne a unguwar da gidaje suke manne da juna, kuma ko an yi, soket ba ya zuba fiye da yunit 20 a dare guda. Natijar ita ce, ranar da kiran gaggawa ya zo da asuba, motar tana iya kasancewa a kan rabin batir, kuma Kumasi da take cikin ikonta jiya ta fita daga ikonta yau, sai an fara ratsa gari zuwa wurin caji an zauna. Ni a ganina wannan ita ce babbar mas'alar mutanen zango da wannan mota, ta fi ta Kintampo girma, kuma maganinta ba ya hannun mutum ɗaya: wuri ne na tarayya, mai mitarsa ta kansa da mai gadinsa, a harabar kasuwa ko ta makaranta ko kusa da masallaci, irin aikin da majalisun Ayawaso ta Gabas da ta Arewa, da Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017, da attajiran unguwa za su iya haɗa hannu a kansa.

Fataken goro da suka riƙa tasowa daga Kano su ƙetare kogin Kwara su ratsa Bargu zuwa Salaga, waɗanda zuriyar wasunsu ce ta zauna a unguwannin nan, ba su auna hanya da tsawonta ba, sun auna ta da wuraren sauka. Madugu ba ya tayar da ayari sai ya san inda ruwa yake da inda jakuna za su yi kiwo, kuma yakan tura jagaba gaba ya dubo, domin rijiyar da aka sha bara tana iya ƙafewa bana. Kintampo ɗin nan da lissafinmu ya sauka a kanta, ita ce ta gaji wani babban rabo na kasuwar goro bayan da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 har cinikin Salaga ya raunana, kuma abin da ya sa ta zama mahaɗa a wancan zamani, watau zamanta a tsakiyar hanya tsakanin kurmi da arewa, shi ne ya sa ta dace da tashar caji a yau. Aikin jagaba yanzu kiran waya ne: kafin a tashi a bugo wa wurin da ake nufi, ko wani ɗan'uwa da yake zaune a garin, a tambaya ko na'urar tana aiki yau, kilowat nawa take bayarwa, kuma wane baki gare ta.

Kada kuma a zaci duk lokacin da aka yi a zango asara ne, domin masu kushe motar sukan ƙidaya shi kamar mai fetur ba ya tsayawa sam. Dokokin hanya na 2012 sun hana direban haya ya wuce sa'a 4 yana tuƙi ba tare da hutun rabin sa'a ba, kuma manyan motocin STC da VIP suna da wuraren da suka saba tsayawa, kamar mahaɗar Bunso. Musulmi kuma dole ya sauka ya yi salla. Tafiyar Kumasi ta haura nisan ƙasaru a mazhabar Malikiyya, wanda shi ne baridi 4, mil 48, kimanin kilomita 80, kuma an yi wa matafiyi rangwamen haɗa azahar da la'asar a sauka ɗaya. In aka tara kama ruwa, da alwala, da sallolin nan biyu, da cin shinkafa da wake ko tuwon zafi, da ɗan miƙe ƙafa, minti 45 sun tafi ko da mota tana caji ko ba ta yi. Saboda haka in na'ura mai sauri tana daidai inda mutane suke sauka dama, kusa da buta da tabarma da mai abinci, kusan babu abin da ta ƙara wa tafiyar. In kuwa aka kafa ta a bayan wani ofis a tsakiyar Kumasi, inda sai an bar hanya an kutsa cunkoson Adum an fito, to, ta ƙara sa'a 2 ko da cajin kansa gajere ne. Ga masu kafa tashoshi da Hukumar Makamashi mai ba su izini, roƙon a fili yake: wurare kaɗan a Bunso ko Nkawkaw, da bakin Kumasi, da Techiman, da Kintampo, da Buipe, kowanne da na'ura fiye da ɗaya, da baki fiye da iri ɗaya, da batirin ajiya ko hasken rana don ranar da wuta ta ɗauke, da lambar waya da mutum mai rai yake amsawa, sun fi tashoshi 50 da aka zana a taswira ba a san halinsu ba.

Hukuncin da nake ganin ya dace da halin da ake ciki shi ne a karɓi maganar allo a kan batir a matsayin zato mai ƙarfi, a karɓi maganarsa a kan sa'o'in tuƙi a matsayin zato matsakaici da za a ƙara masa sa'a guda, maganarsa a kan zango kuwa kada a gina kome a kanta sai an ji daga bakin wanda ya gani yau. A cikin Ankara da kewayenta, har Tema da Kasoa da Aburi, motar ta wadatar, kuma wanda yake da inda zai soka ta da dare zai ga sauƙin aljihu. Cape Coast da Aflao suna cikin ikon batir ɗaya a zuwa, sai a yi tanadin dawowa. Kumasi tana yiwuwa ga wanda ya fita a cike ya riƙe ƙafarsa a kan 90, kuma ya san inda zai yi caji in ya sauka. Amma ɗan'uwa mai nufin Tamale ko Bawku da irin wannan mota, ka ɗauke ta tafiyar kwana biyu, ka nemi masauki mai wuta a Kumasi ko Techiman tun kafin ka tashi, ka kuma faɗa wa masu jiranka su sa ran ganinka gobe, in sha Allahu.